Gina gidan iyali da ƙaramin ƙarfi: ina za a tsuke hannu, ina ba a taɓawa?

Tambaya: Ina da fili, ina so in gina gida mai ɗakunan kwana 3 da falo don ni da iyalina. Kuɗin ba a dunƙule suke ba, kaɗan-kaɗan suke shigowa. Ta ina zan fara, a ina zan rage kashe kuɗi ba tare da na cuci ginin ba, kuma yaya zan yi kada aikin ya tsaya a rabi?

Amsa: Malam, kafin komai ka raba kayan gidan nan gida biyu. Akwai waɗanda za a binne ko a rufe, ba za ka sake ganinsu ba: fandisho, rodi, ciko, ledar ƙarƙashin daɓe, bututun ruwa, wayar wuta, katakon rufi. Akwai kuma waɗanda ido yake gani kullum: tayil, fenti, silin, ƙofofin ciki, fitilu, kabad ɗin kicin. Na farkon ba a tsuke musu hannu, domin gyaransu sai an fasa gini. Na biyun kuwa kana iya sa mai sauƙi, ko ka jinkirta shi shekara 2 kana cikin gidanka. Yawancin masu ƙaramin ƙarfi akasin haka suke yi, saboda baƙo ba ya yaba rodi, tayil yake yabawa.

Filin dai ka tabbatar takardunsa sun cika, safiyo ya zo ya kafa alamun iyaka, hukumar da ke kula da gine-gine a wurinku ta ba da izini, ka kuma san tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da titi da maƙwabci. Wannan bai kai a tsaya dogon bayani ba, sai dai duk bangon da ya shiga filin wani ko ya hau hanya, kuɗinsa sau biyu ne: na ginawa da na rushewa. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne zuwa ganin filin ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi. A ranar za ka ga inda ruwa yake kwanciya da hanyar da yake bi. Ka sa a haƙa rami mai zurfin mita 1 da rabi a wuri 2 ko 3, ka duba ƙasar. Idan ja ce mai tsakuwa, ko yashi mai tauri, ka yi sa'a. Idan baƙar laka ce mai tsattsagewa da rani, ko tsohon juji, ko kududdufin da aka cike, to kada magini ya yanke maka hukuncin fandisho, injiniya za ka kira. Irin wannan laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, kuma duk shekara tana ɗaga gini tana sauke shi har bango ya dare.

Rangwame mafi girma a kan takarda ake samunsa, tun diga ba ta taɓa ƙasa ba. Kowane murabba'in mita da ka ƙara yana jawo nasa fandisho, nasa daɓe, nasa kwano, nasa silin da tayil. Gida mai ɗaki 3 yana zama lafiya lau a murabba'in mita 100 zuwa 120 idan an tsara shi da kyau. Ɗakin kwana mai mita 3.6 da 3.6 ya ɗauki gado babba da kabad, har da wurin wucewa. Abin da yake cin wuri a banza shi ne dogon lungu tsakanin ɗakuna da falo biyu da ba a zama a ɗayansu.

Siffar gidan ma kuɗi ce. Ɗauki gida biyu, kowanne murabba'in mita 100. Na farko mita 10 da 10, zagayen bangonsa mita 40. Na biyu mita 5 da 20, zagayensa mita 50. Faɗin cikinsu ɗaya, amma na biyun ya ɗara da bango mita 10, wato murabba'in mita 30 in tsayin bango mita 3 ne, kusan bulo 300 ke nan, ban da fandishonsa da filastarsa ciki da waje da fenti. Duk wata kusurwa da aka ƙara don ado haka take: ƙarin bulo, ƙarin fila (ginshiƙin kankare da rodi), sannan ta tilasta wa rufi ya karye. Mu dai a wurinmu gidan mai tattali kusurwa 4 gare shi, in ya yi yawa 6.

Ka sa mai zane ya haɗa banɗakuna da kicin a ɓangare ɗaya, su jingina da bango guda, kusa da inda ramin masai zai kasance. Bututu ya gajarta, mahaɗa ta ragu, wurin yoyo ya ragu. A ƙasa mai zafi, dogayen ɓangarorin gida su fuskanci kudu da arewa, manyan tagogi su kasance a can, bangon yamma kuma a ba shi sito ko banɗaki, domin shi rana take dukan yamma. Kowane ɗaki ya samu taga da ta kai aƙalla kashi 10 cikin 100 na faɗin daɓensa, in da hali a bango biyu don iska ta ratsa. Tagogin kuma su zama awo ɗaya ko biyu kacal a duk gidan, mai walda zai yi maka su da sauƙi, ba a ɓarnar ƙarfe.

Maganar bene kuwa, yanzu ake yanke ta. In kana da niyyar ɗora wani hawa nan gaba, injiniya ya tsara fandisho da filoli a kan haka tun yau, ka biya kuɗinsu tun yau. In ba ka da tabbas, ka bar zancen. Fandishon gidan ƙasa ba ya ɗaukar bene don mai gida ya samu kuɗi daga baya, kuma zuba kuɗin fandishon bene a gidan da ba za a taɓa ɗora masa komai ba asara ce da aka binne.

Bayan zane sai lissafin kaya, a rubuce, ba na baka ba. Bari mu yi maka misali da gida mai mita 10 da 12, don ka iya duba abin da magini zai gaya maka. Bangon waje mita 44, na ciki a ce mita 36, jimla mita 80. A tsayin mita 3 ya zama murabba'in mita 240, a cire kamar 30 na ƙofofi da tagogi, saura 210. Bulo mai tsawon santimita 45 da tsayi 22.5 yana shiga kusan 10 a murabba'in mita, wato bulo 2,100. Kowane layi ɗaya na duka bangon, mita 80 ɗin nan, yana cin kusan bulo 178, don haka layi 4 na cikin ƙasa zai ci wajen 700. Ka ƙara kashi 5 cikin 100 na karyewa, ka doshi 3,000. Kankaren fandisho mai faɗin santimita 67.5 da kauri 22.5 a tsawon mita 80 ya kai kubik mita 12, kuma haɗin 1:3:6 (awo 1 na siminti, 3 na yashi, 6 na tsakuwa) yana cin siminti kusan buhu 4 da rabi a kowane kubik mita, wato buhu 54. Daɓe mai kaurin santimita 10 a murabba'in mita 120 shi ma kubik mita 12 ne, in an yi shi da haɗin 1:2:4 mai cin buhu 6 da 'yan kai, ka tanadi buhu 75 zuwa 78. Waɗannan awon na gidan ƙasa ne a kan ƙasa mai kyau, zanen injiniyanka shi ne gaba da su. Amma da su a hannunka, in aka ce maka fandisho kaɗai zai ci buhu 120, ka san akwai tambayar da za ka yi. Haka kuma in wani ya ce zai gama shi da buhu 25, ka san abin da zai zuba maka yashi ne.

A kan jimlar lissafin ka ɗora kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na abin da ba a zata ba, ka ajiye shi gefe, kada ka ƙirga shi cikin kuɗin aiki. Ka kuma rubuta ƙananan abubuwan da ba sa shiga bakin magini: ruwan aiki, dako da sauke kaya, hayar katakon sakawa da na shata, ƙusa, wayar ɗaure rodi, mai gadi, kwashe ɓaraguzai. Ɗaya-ɗaya ba su da yawa, a haɗe kuwa suna iya cinye kuɗin tagogi.

Yanzu ga tambayarka ta ƙarshe, ta tsayawa a rabi. Tun da kuɗinka a gutsure suke zuwa, tsayawa dole ce, abin lura shi ne inda za ka tsaya. Gini yana da matsaya masu aminci guda 3: bayan an zuba daɓen kankare, bayan an kai linta an ɗaure kan bango, da bayan an yi rufi an sa ƙofofin waje da tagogi. Ka tara kuɗin zango guda cif kafin ka taɓa shi. Kada ka haƙa ramin fandisho ka bar shi ruwa ya cika, gefensa ya zube, gindinsa ya yi laushi. Kada ka bar bango tsaye rabi ba ɗauri, iska mai ƙarfi tana kayar da shi. Mafi muni shi ne kafa katakon rufi a bar shi wata da watanni ba kwano, rana ta murɗe shi, ruwa ya ruɓar da shi. In kuɗin duka gidan ba zai samu nan kusa ba, a zuba fandisho da daɓe na gidan gaba ɗaya a lokaci guda, sannan a ɗaga ɗaki 2 da banɗaki da kicin, a rufe, ku tare, kuɗin haya ya koma cikin gini. Fandishon da aka yi rabi yau rabi baɗi yakan zauna daban-daban, tsaga ta fito daidai mahaɗar.

Wajen tara kaya, bulo da tsakuwa da yashi suna jira. Rodi ma yana jira in an ɗaga shi daga ƙasa an rufe. Siminti ba ya jira. Yana shan laimar iska ko a cikin buhu, kuma bayan wata 3 ƙarfinsa ya fara raguwa sosai. Ka saye shi zango-zango, a jera a kan katako, nesa da bango, kada tsibi ya wuce buhu 10. Buhun da ka buɗe ka ga curin da ba ya murƙushewa da yatsa, kada ya shiga fila ko linta.

Ma'aikata kuwa, jinga ta fi biyan yini, amma jinga a rubuce, zango-zango: aiki kaza, kuɗi kaza, biya bayan an duba. Kafin alƙalami ya zama kaɗan. Ƙa'idar ita ce kullum aikin da aka yi ya fi kuɗin da ka biya, domin ranar da kuɗi ya wuce aiki, ranar za ka fara bin magini kana roƙo. Ka karɓi farashi daga mutum 3, ka je ka ga aikin da kowannensu ya gama shekara 2 ko 3 da suka wuce, ba wanda yake kai yanzu ba, sabon fenti yana rufa asirin kowa. Kuɗin da za ka ba injiniya ya zo ya duba sau 4 ko 5, kafin kowace zubar kankare da kafin rufi, shi ne kuɗi mafi amfani a duk aikin. Sannan ka kama kanka daga sauya ra'ayi. Matsar da ƙofa a takarda gogewa ce da fensir, a bango kuwa fasawa ce da sabuwar linta.

Ranar shata gida ka kasance a wurin. Ana tabbatar da kusurwa da awon 3, 4, 5: a auna mita 3 a igiya ɗaya, mita 4 a ɗayar, tsakanin alamun biyu ya zama mita 5 daidai. Sannan a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, dole su zo ɗaya. Kuskuren santimita 5 a nan zai bi ka har kan kwano da tayil, ka ga layin tayil yana tsukewa a gefen bango kamar an yanka da gangan. A haƙa har sai an wuce baƙar ƙasar sama an taras da mai tauri, galibi santimita 60 zuwa 90, gindin ramin ya zama a miƙe. In filin gangare ne a yi shi hawa-hawa kamar matakala, ba a kwance a karkace ba.

Daɓen gida ya ɗara titi da ƙasar da ke kewaye, santimita 30 zuwa 45 ba su yi yawa ba, domin titi hawa yake yi duk lokacin da aka gyara shi, gida kuwa yana nan inda yake. Cikon da za a zuba ya zama jar ƙasa ko ɓaraguzai masu tsabta, ba shara ba, ba baƙar ƙasa ba. A zuba kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara wani. Leburori sun fi son su juye tifa guda su baje su taka sama-sama. Sakamakon ba ya fitowa sai bayan shekara: ka ƙwanƙwasa tayil ka ji yana amsawa kamar ganga, sannan tsakiyar ɗaki ya lotsa. Kafin a zuba kankare a fesa maganin gara a kan cikon, a shimfiɗa leda mai kauri, gefe ya hau kan gefe da kamar santimita 15, ta kuma rufe kan bulon fandisho. Ledar nan ba ta kai kuɗin ƙofa ɗaya ba, amma rashinta ne yake sa gindin bango ya jiƙe, fenti ya kumbura ya ɓare, farin gishiri ya fito, filasta ta riƙa zuba kamar gari. Bututun masai da na wanka da za su bi ta ƙarƙashin daɓe, yanzu ake sa su, ba bayan an zuba ba.

A nan za mu daɗe kaɗan, domin kankare shi ne inda ake cin mai gida yana tsaye yana kallo. Buhun siminti kilo 50 ne, cikinsa kusan lita 35. In an ce 1:2:4, ana nufin awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, da mudu ɗaya. Shebur ba mudu ba ne, baro ma kowa da irin cikawarsa. Ka sa kafinta ya buga maka akwati mai santimita 30 da 30 da zurfin 39, cikinsa buhu guda ne daidai. Buhu 1, akwati 2 na yashi, 4 na tsakuwa, gardama ta ƙare. In da kwanon sarki za a auna, buhu ɗaya kusan kwano 2 ne, sai ya zama kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa.

Sai ruwa. Buhu ɗaya yana buƙatar wajen lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne ma ƙasa da haka. Masu kwaɓa suna son su tsinka shi ya zama kamar kunu, ya fi sauƙin ɗauka da zubawa. Ruwan da ya yi yawa yana bushewa ya bar ƙananan ramuka a cikin kankaren, ƙarfinsa ya faɗi ko da simintin ya cika. Kwaɓi mai kyau in ka ɗebo a shebur ka karkata, zai zame a dunƙule, ba zai kwarara ba. Bayan an zuba a soka da rodi ko injin girgiza har iska ta fita, musamman a kusurwar fila. In an cire katako ka ga jikin fila ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, tsakuwa tsirara, kada ka yarda a shafe da filasta a ɓoye kafin injiniya ya gani.

Abin da aka fi sakaci da shi kuma kusan kyauta ne, wato ban ruwa. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, siminti ne yake haɗuwa da ruwa a hankali, in ruwan ya ƙafe da wuri aikin ya tsaya. A jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7, a lulluɓe da buhuna ko leda. A kwana 7 yana kai kusan kashi 2 cikin 3 na ƙarfinsa, cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi sai kwana 28. Katakon gefen fila ana iya cire shi bayan kwana 1 ko 2, amma tokaren ƙarƙashin bim (kankaren da yake kwance a kan filoli) ko dekin a bar shi mako 2 zuwa 3, ko da mai hayar katako yana matsa maka.

Yashi ma a gwada shi. Ka zuba shi rabin kwalba, ka cika da ruwa da ɗan gishiri, ka girgiza, ka ajiye awa 3. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta hau kansa. In kaurin lakar ya wuce kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na duka, a mayar da tifar ko a yi ciko da ita. Laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kamawa.

Bulo kuwa a gwada shi a gaban mai sayarwa: ka kankare shi da ƙusa, ka saki ɗaya daga tsayin ƙugu. Wanda ya wargaje ya zama gari, an miƙar da buhun siminti ya fitar da fiye da ƙima. Kada a gina ɗanyen bulo, ya samu aƙalla mako 2 ana ba shi ruwa, in ba haka ba zai tsuke a cikin bango ya tsage. Ga wurin tattali na halal: bangon waje da masu ɗaukar nauyi bulo mai inci 9, masu raba ɗakuna mai inci 6, in zane ya yarda. Kwaɓin gini 1:6, wato awo 1 na siminti da 6 na yashi, ya isa, kaurin mahaɗa bai wuce santimita 1 da rabi ba, kuma kada a ɗaga fiye da layi 5 ko 6 a yini.

Linta ta zauna a kan bango aƙalla santimita 20 kowane gefe, mafi kyau ma a zagaya gidan da ita gaba ɗaya ta zama ɗamara. Ita take haɗe bango in ƙasa ta motsa, kuma a jikinta ake ɗaure rufi. Rodi ka saya da awo a hannu, domin ana sayar da siriri da sunan mai kauri. Mai milimita 12 nauyinsa kusan kilo 0.89 ne a kowace mita, sanda mai mita 12 ta kai kilo 10 da rabi da 'yan kai. In za a haɗa biyu, su hau kan juna da ninki 50 na kaurinsu, santimita 60 ke nan ga mai milimita 12. Kada rodi ya taɓa katako ko ƙasa: a tokare shi da 'yan gutsattsarin kankare, kankare ya lulluɓe shi da kaurin santimita 2 da rabi a bim da linta, 4 a fila, 5 a fandisho. Rodin da ya matso fuska yana tsatsa, tsatsa tana kumbura, ta fasa kankaren daga ciki.

Rufi shi ne inda ganin ido yake cin kuɗi. Rufi mai tsayi sosai yana da kwarjini daga titi, amma lissafi ba ya ƙarya: mai gangaren digiri 45 yana cin kwano da katako kusan kashi 1 cikin 3 fiye da mai digiri 20 a kan gida ɗaya. In ba ƙanƙara ce take sauka a ƙasarku ba, digiri 20 zuwa 25 ya zubar da ruwa lafiya. Kowane kwari da aka yi inda rufi biyu suka haɗu wurin yoyo ne da ɓarnar kwano. Ka rage tsayi da karye-karye, ka sa kuɗin a kaurin kwano da busasshen katako da aka jiƙa da maganin gara. Bakin rufi ya fito santimita 60 daga bango, ya kare shi daga ruwa da rana. A ɗaure katako da ƙarfen da aka binne a cikin ɗamarar kankare, ba ƙusa kaɗai ba, domin iska ba danna rufi take yi ba, tsotsarsa take yi sama, daga baki da kusurwa take farawa. A kwano mai tudu da kwari, ƙusa ta shiga ta kan tudu, da robarta.

Kafin filasta a gama duk fasa bango na wuta da ruwa. Waya ta bi ta cikin bututu, ta tagulla tsantsa, ba alminiyon da aka shafa wa tagulla ba. Kankare bakinta da wuƙa, in ciki fari ne ka ajiye. A inda ƙarfin wuta yake volt 220 zuwa 240, kaurin wayar da aka saba shi ne murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 zuwa 6 ga na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki da abin dafa ruwa, kowanne da layinsa. A kafa sandar ƙasa, wato ƙarfen da yake kai wutar da ta ɗigo cikin ƙasa, a sa makashin da yake yanke wuta in ta ɗigo a jikin mutum, mai miliamfa 30. Ka sa bututu da akwatin soket fiye da buƙatarka ta yau, ko da waya ba za ta shiga yanzu ba, arha ne kafin filasta. Bututun ruwa a cika shi, a toshe, a bar shi yini guda da matsi kafin a rufe. Na masai mai inci 4 ya gangara santimita 2 da rabi a kowace mita: in ya kwanta ya toshe, kuma a kowace kwana a yi akwatin dubawa. A fitar da bututun shaƙar iska sama da rufi, ramin tsotse ruwa kuma ya yi nesa da rijiya, taka ko ta maƙwabci, da mita 30 in fili ya bari, kuma ya kasance ta gangare. Ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka kafin a shafe shi, ranar da za ka buga ƙusa ko neman yoyo za ka gode wa kanka.

Daga nan ne kuɗi yake mamayar mutane. Sun ga rufi ya hau sun ɗauka an gama, alhali ƙarasawa takan ci kusan abin da gangar jikin ta ci. Sa'ar ita ce nan ne kake da 'yancin jinkiri. Filasta mai kaurin santimita 1 da rabi, haɗin 1:4 ko 1:5, buhu yana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10, kuma in bango ya miƙe tun wajen gini ba za ta ci fiye da haka ba. A jiƙa bango kafin a shafa, a ba ta ruwa kwana 3 zuwa 7, a bar ta mako 3 zuwa 4 kafin fenti, in an yi gaggawa fentin ya ɓare. Filastar waje ta riga ta ciki in kuɗi bai kai duka ba. Tayil a fara da banɗaki da kicin, sauran ɗakuna daɓen siminti mai santsi ya riƙe ku shekaru. In za ka sayi tayil ka ƙara kashi 10 cikin 100, ka saya lokaci guda, domin launi yana sauyawa daga ɗauri zuwa ɗauri. Daɓen banɗaki ya yi ƙasa da na ɗaki da santimita 2, ya gangara zuwa magudana, a gwada da bokitin ruwa mai tayil yana tsaye. Ƙofar waje da makullinta da ƙarfen taga su zama masu ƙarfi, na ciki ko labule ya wadatar na ɗan lokaci. Silin kada ka daɗe ba shi, shi yake tare zafin kwano, amma mai sauƙi shimfiɗaɗɗe ya yi aikin da mai hawa-hawa da fitilu zai yi.

Abu ɗaya na waje da ba ya cikin jerin jinkiri: a zagaye gidan da daɓe mai faɗin santimita 60 zuwa mita 1, ya gangara waje, ruwan rufi ya samu hanyar fita daga filin, kada ya kwanta a gindin fandisho. Manyan itatuwa ma a dasa su nesa da bango. A yarjejeniyar kowane mai aiki ka rubuta cewa za ka riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa har wata 6, ko har ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a kan rufin. Kafin ka biya wannan ragowar, ka bi gidan ɗaki-ɗaki da takarda: buɗe kowace ƙofa da taga, kunna kowane soket, saki ruwa a kowane masai, ƙwanƙwasa tayil da gindin makulli, ka leƙa saman silin da tocila washegarin ruwa. Tsaga siririya kamar gashi a filasta ba komai ba ce, a cike a yi fenti. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi mahaɗar bulo hawa-hawa, ka ja layi da fensir a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata. In bayan wata 1 ta wuce layin, ko bakinta ya kai shigar tsinken ashana, ka kira injiniya kafin kowa ya shafa mata siminti.